Kainuwar Ramin Kamfani

A shekarun da kuɗin mai ya juya kan mutane, wani kamfanin titi ya ɗebi ƙasa a bakin garin Ƙanƙara ya bar mana rami. Damina ta cika shi, muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Gonata na kusa, nan nake shayar da shanun huɗata biyu, waɗanda su ke ci da gidana.

Ba wanda ya ga zuwan kainuwa. Tun tana 'yar kaɗan a gefe har ta rufe ruwan ruf, kore shar, ka rantse fadama ce. Ruwan ya fara wari, mata suka daina wanki a wurin. Ni kam tsoro nake ji, don ramin ba shi da gangare irin kududdufinmu na gado. Katafila ta yanke shi a tsaye kamar rijiya.

Na kira gayya. Matata ta tuƙa tuwo, ta dama fura, amma samarin da za su shiga ruwa duk sun tafi Kaduna leburanci. Tsofaffi ne suka zo, kuma a wajen tuwo dai ba su ba ni kunya ba. Muka jawo abin da gora da ƙugiya suka iya kaiwa, muka tara a kan tudu. Kawuna ya daɗe yana kallon tarin.

"In ta sha iska ku ƙone ta," in ji shi. "Wagga aba ba ta da amana."

Muka yi dariya. Wane manomi ne zai ƙone taki? Muka bar ta ta ruɓe mu kai gona.

Ruwan farko ya kwashe tarin ya mayar rami. Kafin lokacin huɗa ta ninka kauri, har ciyawa ta tsiro a kanta, gaɓa da ruwa suka zama ɗaya.

Wata azahar na kwance shanun daga garma, babban ya hango kore ya fizge igiya. Ina bin sa ina kira, sai ya taka koren. Kainuwar ta buɗe, ya taso sau ɗaya da ganye a ƙaho, ta koma ta rufe.

Na juyo. Ƙaramin yana tsaye a bakin kunya yana jiran ɗan'uwansa, rabin gonar ba a huɗe ba.