Ranar da na hana garinmu asibiti

Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa. Iyakata firamare, kuma ina tsoron a ce yabon kaina nake. Yau dai na daure.

Shekarun baya ina ɗaukar kaya a wani sito a unguwar Cheetham Hill a nan ƙasar Turawa, sai abokina, wanda likita ne a Levenshulme, ya ce gwamnatin nan ta ƙara kuɗin taimakon ƙasashen waje. Wata ƙungiya ta samu kaso don gina ƙananan asibitoci a jiharmu, kuma tana son jin ta bakin 'yan jihar a wani taro a Birmingham.

"Likita, ni me zan ce cikin masu digiri?"

"Kai ne kaɗai ɗan ƙauyen gaske a cikinmu. Mu a GRA muka tashi. Shiga mota, Malam."

Har muka isa wurin taron a Perry Barr ina duba ko rigata ta yamutse.

Wata Baturiya ta haska taswira a bango. Ta ce ƙa'idarsu ita ce ƙauyen da ya fi nisa da asibiti shi za a fara ba. Sai ga sunan garinmu a cikin waɗanda suka samu. Abokina ya zungure ni: "Congratulations, yau kai za ka saya mana abinci."

Amma idona yana kan ƙauyen da ke tsallaken kogi, wanda aka tsallake wai yana kusa da asibitin ƙaramar hukuma. A takarda kusa ne. Sai dai da damina kogin yakan cika ya rufe su ta kowane gefe, mai naƙuda sai an jira kwalekwale. Mu kuwa muna da nisa, amma titinmu mota na bi rani da damina.

In na yi magana, na cuci garinmu. In na yi shiru, ban san me zan faɗa wa Allah ba. Na ɗaga hannu, na sauke, na sake ɗagawa. Da Hausa na yi bayani, abokina yana fassarawa. Baturiyar ba ta yi dariya ba. Ta rubuta, ta ce za su aika a duba da damina.

Suka duba. Aka mayar da asibitin tsallake.

Sati biyu ina juya waya kafin na kira mahaifiyata.

"Inna, ni ne na faɗa musu."

"Na sani. Har mai kiran salla ya sani."

"Ki yafe min."

"Me ka yi? Ƙarya ka faɗa?"

"A'a."

"To Allah ya yi maka albarka. Amma bana kar ka zo gida, bari su huce."

Har yau ina gode mata, ita da abokina da ya ja ni, da matar da ta saurari mai ɗaukar kaya. Na gane taswira ba ta san damina ba, sai wani ya faɗa mata.

Yanzu na ji ana ta rage kuɗin taimakon, hankalina ya tashi. In magani ya daina zuwa tsallake, garinmu ya rasa a banza ke nan. Don Allah, wanda ya san ofishin da ake rubuta wa a tambayi ko irin waɗannan asibitocin suna cikin rabo har yanzu, ya faɗa min. Mutanen garinmu ba zan iya tambayarsu ba, domin tun da suka cire ni daga gurup ɗin WhatsApp ba su mayar da ni ba tukuna.