Tabarmar da Inna Tumba Ta Ƙi Ƙarasawa

Duk wanda ya ce mini mutanen da ba su iya komai ba sai "to" da "ranka ya daɗe", na san bai taɓa zama gindin wutar Inna Tumba ba. Kakata ce ta wajen uba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki, yatsunta duk sun yi kanta saboda kaba. A ƙauyenmu, can gefen Sifawa, in an ci tuwo lokacin ɗari sai ta sa a tura kara a wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta yi mana tatsuniya hannu sake. Kullum da jiƙaƙƙiyar kaba a ƙwarya kusa da ita, tana tsagawa da farce tana saƙa, ko kallon aikin ba ta yi.

Shekarar da nake faɗi ita ce wadda Nasara suka taso da aikin hanya, daga Sakkwato ta bi ta Bodinga ta nufi Shagari. Kowane gida sai ya ba da namiji, ana so ko ba a so. A gidanmu Baba aka ɗauka. Suna can daji sun yi zango, ba bukka ba shimfiɗa, sai ƙasa mai sanyi. Wani mai jaki da ya biyo ta wajen ya kawo mana labari cewa tari ya kama Baba, irin mai fitowa daga ƙirji, kuma in ya ci gaba da kwana a ƙasa, to sai dai addu'a. Mahaifiyata ta shiga ɗaki tana kuka. Da safe Inna ta ɗauki lauje ta tafi yankan kaba.

Ta saƙa malfa saboda rana. Ta saƙa ragaya, yadda mutum zai rataye ɗan abincinsa a reshe tururuwa ba su kai ba. Sannan ta kama tabarma, mai kauri, ninki biyu, wadda sanyin ƙasa ba ya ratsawa.

Tana tsakiyar aikin sai ga shela: Bature zai zo rangadi, za a shimfiɗe barikin Bodinga, duk gidan da ke da sabuwar tabarma a miƙo. Ɗan Ige, yaron hakimi, shi ke bin gida-gida yana kwasa. To amma a wajenmu ba a shimfiɗa wa baƙo tabarmar da ba a kalmashe gefenta ba. Cin fuska ne, kuma da an ja ta warwarewa take. Sai Inna ta saƙe tata tsaf, ta bar gefen nan tsaye-tsaye kamar gashin da ba a kitse ba. Ɗan Ige ya zo, ta ce saura kaɗan. Ya sake zuwa, saura kaɗan. Ran nan bayan magariba ya shigo ransa a ɓace, ya zauna bakin wuta, ya rantse ba zai tashi ba sai ta ƙarasa a gabansa. Inna ta ce madalla, dama yau akwai tatsuniya, kunne ya ƙaru.

"Ga ta tahe, ku matso," in ji ta. Muka ce ta iso lafiya.

Wai shaho ne ya ƙwace sarautar tsuntsaye, ya ce duk mai iya saƙa ta saƙa masa wurin hutawa, duk inda ya ga dama ya sauka. Kabare kuwa tana da 'ya'ya a reshe, tsirara, ga ruwa yana dukansu. Ta ɗebo ciyawa ta saƙa gida mai kyau, amma ta bar ƙofar a ƙasa, tana reto, ga zaren ciyawa na lilo. Shaho ya zo ya duba ta sama, bai ga wurin sauka ba. Ta ce masa ai ba a gama ba, ranka ya daɗe, dubi ƙasan ma a buɗe yake. Ya tafi ya dawo, haka. Ashe tuni ta shigar da 'ya'yanta ta ƙasan, suna ciki sun yi ɗumi. Inna ta ce shi ya sa har yau gidan kabare ke kallon ƙasa, shaho kuma yana ta shawagi a sama, yana jiran a gama.

Mu yara muka tuntsire da dariya, mu a dole tsuntsaye ake nufi. Ɗan Ige bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, da wa kika?"

"Da tsuntsu nika, ɗana. Ko kana da hiffike?"

Ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce gobe da dogarai zai dawo, kuma hakimi zai ji. Wallahi ni na tsorata, har na ɓoye bayan yayata. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Shi ji mana. Ni niy yanko kabata, yatsuna sunka saƙa. Ranar da nig ga dama ta ƙare."

Kafin gari ya waye ta naɗe tabarmar a hankali, ta ɗaure da igiya, ta ɗora malfa da ragaya a kai, ta kama hanyar Shagari a ƙasa, tsohuwar da ko rijiya za ta je sai ta huta a hanya. Sauran labarin a bakin Baba na ji. Da ta isa zangon, mai tsaron aikin ya daka mata tsawa ya ce ta koma, ta yi kamar kurma. Ta samu gindin wata bagaruwa ta zauna, ta kalmashe gefen nan daga farko har ƙarshe, maza na fasa dutse suna satar kallonta. Baba ɗan farinta ne, kuma ka san kunyar ɗan fari a wajenmu: ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa cikin mutane. Da ta gama sai ta miƙa wa wani na kusa da shi, ta ce a ba mai tarin can, an ce yana hana mutane barci. Ta juya ta tafi.

Ta dawo ta tarar dogarai sun kwashe sauran kabarta, har zanan dangarta sun yaye. Ta dubi wurin ta ja tsaki, ta tambaya ko goruba ma sun kwashe ta daga daji. Baba kuwa ya dawo kafin damina, ya rame ƙwarai, amma da ƙafafunsa ya shigo.

Na daɗe ina ɗauka wayo tatsuniyar nan ke koyarwa, yadda ƙarami zai zille wa babba. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na iya haɗiye sunansa a gaban mutane, sannan na gane ba wayo ne ya kai tsohuwa Shagari ba. Akwai abin da uwa ba ta bayarwa, ko wa ya aiko. Baba da ya tsufa ya taɓa gaya mini cewa daren da ya warware tabarmar ya kwanta, sai ya ga daidai tsawonsa ce, daga kai har dunduniya. Matar da bai taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba, ashe ta san tsawonsa sarai.