Sunayen Laka a Bakin Kawu

Shekarun da na zauna a Badariya, katanga ɗaya ce ta raba ni da wani dattijo mutumin Filato, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Kirista ne, ya fi shekara talatin a Birnin Kebbi, kuma kowa a layinmu Malam yake ce masa. Bayan rasuwar matarsa sai ya daina fita, in ba coci ba ranar Lahadi. Kullum na dawo daga aiki nakan same shi a ƙofar gida kan kujerar roba, mu gaisa, shi ke nan.

Wata rana cikin damina ruwa ya ɓata layinmu, babur ɗina ya kafe daidai ƙofarsa. Ina ta fama ina tsaki, sai na ji ya ce, "Maƙwabci, mene ne sunan wannan abin da ya riƙe ka?"

Na ce, "Taɓo mana, Malam."

Ya ce in na fito in zo. Da na je sai ya nuna mini wani tsohon ƙamus da 'yarsa ta aiko masa, wanda aka tara maganganun ƙauyawan Ingila na da. Ya ce mutanen nan suna da sunaye da yawa na laka: akwai na mai manne wa takalmi, akwai na bakin teku, akwai na wadda shanu suka tattake. Wasu daga ƙarar tafiya aka samo su, wasu baƙi ne suka zo da su daga ƙetare. Da jikokinsu suka bar gona suka koma birni, sai kalmomin suka mutu, suka rage a takarda kawai.

"Ku fa, guda nawa gare ku?"

Na ce laka, taɓo, caɓi. Daga nan na tsaya. Ni da aka haifa a bakin fadama, kunya ta kama ni. Na ce masa ya bari ranar Asabar in kai shi wurin kawuna a Zauro, yayan mahaifiyata, wanda tun tasowarsa noman shinkafa yake yi. Ban zaci zai yarda ba, amma ranar tun da hantsi na tarar da shi a shirye, da takalmi sau-ciki da ɗan littafin rubutu.

Mun sami Kawu a gona yana gyaran kunya. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya dubi Malam daga sama har ƙasa.

"Laka kaka son sani, kuma ka taho da takalmin ga? Tuɓe shi, baƙona. Ba a sanin ta da kunne."

Malam ya tuɓe, ya naɗe wando, muka bi shi. Kawu ya ɗebo wata baƙar ƙasa mai santsi ya murza a tafin hannun Malam. Ya ce wannan ita ce laka, wadda gulbi ke bari in ya janye, ita ke ciyar da shinkafa. Muka matsa inda ruwa ya kwanta sama-sama, ya ce Malam ya taka ya saurara. Ƙafa na shiga ta ce caɓ. "To ka ji caɓi, shi ya raɗa ma kainai suna." Ya nuna mashayar da shanun Fulani suka bi, ya ce dagwalo ke nan, ruwan da anka dagula. Yumɓu kuwa sai an tona, kuma na masu ginin tukwane ne.

Malam ya tambayi taɓo. Sai Kawu ya nuna masa wani wuri mai kama da busasshe. Taki biyu Malam ya yi ya nutse har gwiwa. Na yunƙura zan ja shi, Kawu ya riƙe ni.

"Kada ka yi kokawa da shi, Malam. Kwanto da baya kaɗan, ka zaro ƙafa guda a hankali."

Da ya fito, Kawu ya ce ai shi ya sa ake ce masa taɓo, ka taɓa shi ya riƙe ka. Malam ya ce shi dai bai gamsu da wannan asali ba, amma zai rubuta. Yana faɗa yana dariya har da share hawaye. Tun rasuwar matarsa ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Muka je bakin ruwa muna wanke ƙafa. Can Kawu ya ce akwai suna guda da ya ɓace masa: na ɓawon nan da laka ke yi in ta bushe ta tsattsage, gefensa ya nannaɗe. Mahaifiyarsu, wato kakata, tana da sunan da take kiransa, kuma yana jin daga danginta Zabarmawa ta samo shi. Ya yi ta motsa baki, abin ya ƙi zuwa. Ya ce mu je Argungu wurin yayarsa, ko ita ta riƙe.

Mako biyu bayan haka muka tafi. Mun same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya take ji. Na yi mata bayani. Ta ajiye faifan, ta ce ta san abin sarai, suna yara sukan ɓamɓare shi su yi kwanonin wasa, innarsu tana yi musu faɗa. Ta rufe ido ta daɗe.

"Ɗana, ina jin muryatta, amma kalmar ba ta fitowa."

Na ga ranta ya sosu, na yi nadamar tambayar. Malam ya rufe littafinsa ya ce, "Mama, bar shi. Ba ni labarin innar taku." Ta kuwa ba shi, har la'asar, abubuwan da ni kaina ban taɓa ji ba game da kakata. Da za mu tafi ta ƙulle masa busasshen kifi a leda.

Ba mu sami kalmar ba har yau. Amma daga lokacin Malam ya riƙa zuwa Zauro shi kaɗai, ba ya ma jirana. Kawu ya yanka masa ɗan fili, ya dasa shinkafa, shekarar farko tsuntsaye suka cinye rabi. Shekara huɗu suna haka, su wuni a gona suna gardama.

Da Kawu ya rasu, Malam ya zauna da mu kan tabarma kwana uku ana karɓar gaisuwa. Wani baƙo ya tambayi babban ɗan Kawu ko wane ne wannan dattijo. Ya ce, "Abokin Baba ne, gonarsu ɗaya."