Ranar da Saiwar Haƙorina Ta Sha Magani

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na yi shiru ba. A gidanmu na Birchi an san bakina ba ya hutawa, har Inna kan ce ko barci nake ina ba bango labari.

Son farin haƙori ne ya jawo. Na yi ta dirza da gawayi har dasashina ya ja baya, saiwar haƙorin gaba ta leƙo. In na kurɓi ruwan randa, sai in ji kamar an soka mini allura har tsakiyar ka.

Yayana ya kai ni asibiti a Dutsin-Ma. Likitar ta nuna mini hoton haƙori a bango, saiwarsa doguwa kamar rogo. Ta shafa mini wani abu mai danƙo, ruwan zuma, wai shi fuloraid.

"Saiwa ba ta da ɓawon nan mai tauri da ke rufe haƙori," in ji ta. "Ƙananan ƙofofi gare ta. Yawu zai riƙa narkar da maganin, tana tsotsa a hankali tana ƙarfi. Ban da abu mai zafi, ban da gogewa, sai gobe. In maganin ya fita, wata rana cire haƙorin za mu yi."

Ta ce tsotsa, ni kuwa na fara jin tsotsar. Yaya ya sauke ni ya wuce gona, na shige ɗaki na kame baki, don gani nake kalma ɗaya za ta zubar da maganin. Almuru ta yi, gida tsit. Na rantse ina jin wani abu yana tafiya cikin haƙorin, sululu, kamar tururuwa a rami.

Shirun ya firgita gida. Ƙannena suka tsaya bakin ƙofa, babu mai shigowa. Kaka ta shigo da kaskon turare, Inna na biye da ita, hayaƙi na tashi, tana karatu ƙasa-ƙasa. Ta haska fuskata, ta ɗaga leɓena da yatsa.

"Wannan ba ita ba ce," ta faɗa a hankali. "Dubi abin da aljanu suka shafa mata. Miƙo mini asuwaki."

Na ga inuwar hannunta a bango tana matsowa. Na hango kaina da wawulo ranar aurena.

"Kaka, kar ki taɓa, haƙorina yana shan magani."

Ta ja baya ta dubi Inna. "Kin ji ko? Har da baki suka zo."

Da Yaya bai dawo a lokacin ya yi musu bayani ba, da an kankare ni tas. Kaka ta harare ni. "Ja'ira, da ma lafiyarki lau kika tsayar mini da zuciya?"

Haƙorin yana nan, ina shan ruwan randa lafiya. Na daina gawayi. Na kuma gane cewa mai surutu in zai yi shiru, ya fara gaya wa mutanen gida dalili.