Ƙullin Malam Sale a Ɗan Isa

Kano zuwa Katsina

Ana sallame sallar asuba na rataya jakar kayan aiki na nufi tasha. Kiran Alhaji Mamman ne ya tashe ni, aminin marigayi maigidana Malam Sale, wanda ya koya mini aikin lantarki. Alhaji yana da injin suyar gyaɗa a Ɗan Isa, tsallaken iyaka. Tun da 'ya'yansa suka sa sabon akwatin sarrafa injin, gyaɗa ke ƙonewa ƙurmus, har sun ce in ta ƙara ƙonewa 'yan gwangwan za su kira.

"Ɗana," in ji shi a waya, "injin ga, ni da Sale munka kafa shi. Kada a yanka shi ina da rai."

Direbanmu kuwa gudu yake kamar an aiko shi ɗauko wuta. Da hantsi muka shiga Katsina, na karya da koko da ƙosai a tsaye.

Jibiya da Magama

Wayyo Jibiya! Rabona da garin tun ina riƙe wa Malam jaka. Na nemi rumfar da muke shan fura, sai na tarar da mai sayar da farantan sola. A layin nan ne Malam ya sayi wayar lantarkin da muka yi aikin injin da ita, naɗi guda, baƙa wuluk, don babu wata kala a kasuwar ranar. Tsayawa na yi ina kallon layin, kewarsa ta kama ni ƙwarai.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni Magama. A tsallake wani jami'in duwan, wato kwastam ɗin can, ya zazzage jakata, ya ɗaga mitata.

"Wagga fa, mi ce ce?"

"Ta awon lantarki ce, ranka ya daɗe."

"A'a, mai kuran ne! Wuce, Allah shi ba da sa'a." Kuran suke ce wa lantarki a can.

Ɗan Isa

Alhaji ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da muryata ya gane ni. Sai da na ci tuwon gero ya bari na taɓa injin. Babban ɗansa Lawali yana tsaye, hannu a aljihu.

Ma'aunin zafin da ke jikin tukunyar suya yana aika ɗan siririn lantarki ta waya biyu zuwa allon da ke karɓar saƙo a cikin akwati. In zafi ya hau, saƙon ya ƙaru, akwati ya rage wuta. To, wayoyin nan kowace da gurbinta, ga shi duka baƙaƙe ne. Wanda ya sa akwatin ya datse bakinsu ya juya su, allo ba ya jin komai, injin yana ɗauka tukunya da sanyi, sai ya yi ta zuba wuta.

Na zagaya wajen ma'aunin ina lalube cikin dauɗar mai. Kafin in ciro mita, yatsana ya ci karo da ƙulli. La ilaha illallahu! Haka Malam yake yi, ya ƙulla wayar da ke kai lantarki don kada a ruɗe.

Na tabbatar da mita, na mayar da kowace gurbinta, na saita allon. Lamba ta bayyana, tana hawa a hankali. Aka zuba buhu guda. Da zafi ya kai, wuta ta ja baya da kanta, ƙamshin gyaɗa ya cika wurin. Lawali ya ɗebo ya murza, ya tauna, ya ce, "To Baba, an bar maka abinka."

Na kama hannun Alhaji na ɗora a kan ƙullin. Ya shafa, ya shafa, hawaye na bin gemunsa. Kafin in rufe akwati na yi wa ɗaya bakin wayar irin ƙullin.

Dawowa

Washegari na juyo da galan ɗin man gyaɗa, saƙon Alhaji ga Inna, matar Malam. Da la'asar na isa gidanta a Kano, na ba ta labarin ƙullin. Ta yi dariya, ta nuna mini igiyar shanya a tsakar gida.

"Ka ga nasa nan. Igiyar ta mutu, amma na kasa sakewa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya jiƙan Malam Sale.