Hotunan da Murja ke duba mani

Jama'a, yau na kira wadda ba ta duniya, kuma sai da aka amsa mani.

Kun san ba na gani, muryar cikin waya ke karanta mani komai. Da hantsi ina zaune a tsakar gidanmu a Kusada, ina cike fom ɗin neman takin zamani. Ina shafa allo, waya na faɗa mani gurbin da yatsana ya taɓa. Na sa suna, na sa mazaɓa, na sa girman gona.

Sai na iso wurin da ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da babur, don a tabbatar kai mutum ne. A nan muryar ba ta da abin faɗi. Dama nan ne kaɗai matata Murja ke taimaka mani, har tana tsokanata wai malam ya kasa.

Wallahi bakina ne ya riga ni. Na ce, "Murja, zo ki duba mani baburan nan."

Murja da muka binne tun kafin damina.

Sai na ji an ce, "Na'am." Innata ce, daga bakin murhu. Ba ta iya karatu ba, amma ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Kawo, ai na san babur."

Tana dannawa tana jan hanci. Da ta miƙo mani wayar, allon a jiƙe yake.

Muryar ta ce an tabbatar ni mutum ne. Har yanzu na kasa tura fom ɗin.