Mai Wanki da Tawadar Asibiti

Maƙwabcina mai wanki ya tsufa yana gaba da tabo. Ko a rigata ya hango ɗigon mai, sai ya bi ni da ido har kwana. To wannan mutumin ne ciwon daji ya gangaro masa ƙashin kwankwaso, likitoci suka ce za a riƙa gasa wurin da hasken inji don zafin ya lafa.

Suka zana masa alama da tawada a fata, nan injin zai riƙa saita. Ba cuɗawa, ba ruwan zafi, ba ɗaukar ƙunshin kaya, ba riga mai sitaci. In alamar ta goge, sai an sake awo, gashi ya tsaya, ciwo ya ci gaba da cinsa.

Matarsa ta kwashe soso ta ɓoye. Washegari sai ga kansa ta saman katanga.

"Maƙwabci, ara min soso."

"Na me, Sarkin Tsafta? Ai yanzu kai allo ne, an yi rubutu a jikinka."

"Allah ya shirye ka."

Soso dai bai samu ba. Amma da matar ta tafi kasuwa, ya lallaɓa ya hura dutsen guga, wai riga ɗaya tak. Gumi ya yi abin da soso bai yi ba. Na shigo na tarar da shi ya karkace gaban madubi, biron jikarsa a hannu, yana shirin mayar da zane.

"Ajiye!" na ce. "Ka kauce kaɗan, a gasa maka inda ba ya ciwo?"

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Na saka shi a mota muka tafi asibiti.

Wata ma'aikaciya ta duba ta ce saura kaɗan zanen ya goge, amma ana iya gani. Ta maimaita zanen, ta manna leda a kai, ta ce, "Baba, wa ya ba ka guga?"

Ya nuna ni. Ni!

Yanzu dutsen yana hannuna, umarnin matarsa. Shi kuwa yana kishingiɗe cikin sakakkiyar riga, fanka na hura kwankwason, barci ya fara dawo masa. Ni nake goge kayan mutane a gabansa, yana nishi.

"Ciwon ne?" na tambaya.

"A'a. Karin wandon nan da ka fitar."